Duwatsun Bayan Coci

Da aka yaye ƙyallen da ya lulluɓe ginin tunawa da baƙaƙen fatar da suka sari wani gari a jihar Kansas, manyan baƙi suka hau tafi kamar sun san mutanen. Wata tsohuwa 'yar asalin garin kuwa taɓe baki ta yi.

Jikarta da ta shirya bikin ta matso tana washe haƙora. "Kaka, ya kika gani? Da duwatsun bayan tsohon coci muka gina shi. A yashe muka tsince su cikin ciyawa."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar nan. Duwatsun nan su ne alamar kaburburanmu. To, zo ki nuna mini inda uwata take kwance."