Ganye Bakwai na Wanyonyi

Da haƙori Namalwa ta kwance igiyar ɓawon itacen da aka ɗaure ƙullin ganye da ita, don yatsunta sun daina lanƙwasuwa. Ta zuba ganyen a tukunya, ta cusa igiyar a murhu. Ƙullin nan shi ne na ƙarshe cikin waɗanda marigayi mijinta Wanyonyi ya bari. Shi kuwa, ƙullin ɗungurungum yake jefawa a ruwa. Shekara talatin tana ce masa ƙazami.

Da ganye bakwai ɗin nan ya warkar da kumburin gaɓoɓin rabin ƙauyensu a Bungoma. Tun da ya rasu, su take dafawa, ba ragi ba ƙari, amma maganin ya zama ruwan zafi kawai. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Nata hannun ya kumbura, fartanya ta gagare ta, ciyawa ta cinye masara. Bara ta ba mai gawayi tsohuwar bishiyar bayan ɗaki, wadda babu irinta a yankin. Kaza biyu ya taya. Sai da ta raba shi da akuya.

Wata shida ke nan da Dakta Chebet ta jami'a ta karɓi ƙulli ɗaya, ta ce kwamfuta za ta gwada sinadarin kowane ganye da abin da ke hura kumburi a jiki.

"Akwatin naki ya taɓa ciwon gwiwa?" in ji Namalwa. "Ɗauki. Amma in an yi ƙwaya, ni ce farkon sha."

Tukunya na tafasa motar Chebet ta tsaya. Chebet ta zauna a kujerar Wanyonyi, ta ƙi shayi.

"Mama, duk bakwai ɗin mun gwada. Babu komai a cikinsu."

"Mijina maƙaryaci ne ke nan? Tashi daga kujerarsa, 'yar nan."

"A'a, Mama, tsaya. Abu na takwas muka samu, ban taɓa ganin mai ƙarfinsa ba. Ya ƙare mana a gwaji, ƙari na zo nema." Ta riƙo kumburarren hannun a hankali. "Ɓawon da aka ɗaure ƙullin da shi. A jikin wace bishiya Baba yake ɓarowa?"

Namalwa ta dubi murhu, sannan ta dubi bayan ɗaki, inda akuyarta ke ɗaure a jikin ƙonannen kututturen bishiyar.