Takardar Naɗe Tsire

Mai fassarar ta dire kwalin takardu a gaban dattijon da ke gasa tsire a unguwar Harlem ta Amurka. "Baba, ga takardar naɗe nama."

Daftarin dokar hana almubazzaranci da binne sharar nukiliyar ƙetare ne. Wata uku ta yi tana fassara shi. Ofishin jakadancinsu ya buga kwafi ɗari biyar, mutum tara suka zo taron gabatar da shi.

Ya ce ta karanta masa. Ta karanta, murya a gajiye.

"'Yata, garinmu a bakin ramin haƙar ma'adinin yuraniyom yake. 'Ya'ya biyu na binne can, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya."

Ya ninke shafin farko, ya sa a aljihun ƙirjinsa, sannan ya naɗe mata tsirenta da na biyu.