Layin Toka

Da toka muke shata layin filin ƙwallon makarantarmu a unguwar Mafoni. Wata Alhamis bayan la'asar, Malam Bukar, malamin wasanni, ya kira mu atisaye, saura kwana biyu mu buga wasan kusa da na ƙarshe. Shekarar nan ba a ci mu ko sau ɗaya ba. Ni ne gola, ina aji huɗu na sakandare.

Mu huɗu muka zo cikin sha ɗaya. Lokacin rikici ya yi tsanani a gari. Iyayen Modu, mai lamba tara, sun gudu da shi Kano. Kyari kuwa, tun daga ranar da aka kwashe samarin unguwarsu ba wanda ya sake jin labarinsa. Sauran ba mu ma san inda suke ba.

Malam ya miƙo mini bokitin tokar da ya ɗebo a kicin ɗin makaranta, da sauran ɗuminta.

Na ce, "Malam, mu huɗu ne fa."

Ya ce, "Ka ja layin dai, Abba. Kada su zo su tarar ba mu shirya ba."

Na ja shi kaf, har da'irar tsakiya. Malam yana tsaye da usur a baki, idonsa a kan ƙofar makaranta. Bai busa ba har aka kira magariba.

Yanzu idan matata tana kwashe toka a murhu, fita nake yi daga gidan. Mutum bakwai na ja wa layi ranar nan. Har yau biyu kawai na sake gani.