Manomin da Ya Bar Sansa Ya Zama Mushe

Ka ce ba ka gane yadda wutar lantarki za ta kama mutum bai taɓa waya ba. To, gyara zama. Kai da ka zo koyon aikin nan da furfura a gemu, ba zan cika ka da lissafi ba, misali zan ba ka. Abu ɗaya dai ka riƙe: wuta ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. In ta sami ƙofar shiga da ta fita, wucewa za ta yi, ba ruwanta ko waya ce ko jikin ɗan Adam.

Wani manomi ne yake da san huɗa guda ɗaya tak. Maƙwabcinsa ma yana da guda, sai su haɗa su, yau a yi gonar wannan, gobe ta wancan. Wata safiya bayan an sha ruwa da iska, ya koro sansa zuwa gona, san yana gaba, shi yana baya riƙe da igiya, ƙafarsa ba takalmi, ƙasa ta jiƙe jagab. Suka ratsa ta ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. Bai san iska ta tsinke ɗaya ba, tana nan kwance cikin ciyawa. Sai ya ga san ya ƙame, ya yi wani irin kuka, ya zube. Shi ma wani abu ya doke shi ta jiƙaƙƙiyar igiyar har kafaɗa, ya sake ta ba shiri. A lokacin ne ya ji tsuwwa cikin ciyawa, ya hangi hayaƙi yana tashi siriri. Wayar tana can gefe, ko kusa san bai taɓa ta ba.

Maƙwabcin yana jira a bakin hanya tare da masu tafiya gona. Da suka ga san yana shure-shure, sai suka ɗauki ihu: "Yanka shi! Yanka shi kafin ya zama mushe!" Ka san halinmu, dabba ba ta mutuwa a gabanmu muna tsaye. Ba mugunta suke yi ba, so suke ko nama ya tsira da shi. Manomi ya zaro wuƙa. Taku huɗu ne tsakaninsa da wuyan san. Yana shirin ɗaga ƙafa, sai wani tsohon mai gyaran wuta da ya zo wucewa ya yar da kekensa, ya daka masa tsawar da ta danne ta kowa: "Bawan Allah, kada ka taka! Haɗe ƙafafunka wuri ɗaya!"

Ga abin da tsohon ya sani, su ba su sani ba. In waya ta faɗi, wutar tana bazuwa ne cikin ƙasa. Ita kuwa ƙasa tana turjiya, tana rage mata ƙarfi a kowane taki, don haka kusa da waya wutar tana da ƙarfi, nesa kuma ta yi rauni. Wanda ya buɗe ƙafa, ɗaya tana inda ƙarfin ya yi yawa, ɗaya tana inda ya ragu, ya buɗe wa wuta ƙofa biyu ke nan: ta hau ta wannan, ta sauka ta waccan. Abin da ya kayar da san ke nan, don tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya akwai tazara, zuciyarsa kuma tana tsakiya.

Tsohon ya ce ya ja da baya yana jan ƙafa a ƙasa, kada ya ɗaga, kada ya bari ɗaya ta rabu da 'yar'uwarta. Manomi ya fara ja. Tafin ƙafarsa yana masa zir-zir kamar ya taka gidan tururuwa, gumi yana shiga masa ido, bai isa ya yi sauri ba. Ya yi rabin hanya, sai san ya yi wani nishi mai tsawo, irin na ƙarshe. Wannan san shi ya raine shi tun yana maraƙi. Zuciya ta ci shi, ya jefa ƙafa ɗaya gaba. Nan take wuta ta bi ta gwiwoyinsa, ya yi tangal-tangal zai kife. Da a ce ya faɗi ya kwanta miƙe a wannan ƙasar, daga kai har ƙafa hanyar wuta ce, sai dai a jira a kashe wuta a ɗauki gawa biyu. Allah ya sa ya janyo ƙafar ya haɗe. Daga nan babu wanda ya sake cewa yanka. Maƙwabcin da ya fi kowa ihu ya toshe bakinsa da hannu.

Tazarar da a kullum yake ratsawa kafin ya gama amsa sallama, ranar sai da ta ci masa lokacin da za a yi alwala a yi salla. Da ya taka busasshen tudun hanya ya zube zaune, ya dubi sansa da ya daina motsi, ya fashe da kuka, babba da shi. Ni ban ga laifinsa ba, asara ce mai ciwo, damina ta kama ga shi ba abin huɗa. Amma da ƙafarsa ya koma gida, 'ya'yansa kuma ba su zama marayu a kan nama ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, tafiya sannu-sannu kwana nesa.