Keken Nata'ala Mai Duba Hanya

Ke Badi'a, wa ya aike ki? Yarinya ko fura ba ki iya damawa ba, amma kin iya tambayar abin da ya sa aka rataye keke a zauren mutane. Zauna. Ku ma ku zauna, kuma duk wanda ya katse ni zai sha mari.

Keken Nata'ala ne, maƙwabcinmu a nan Getso. Aikinsa duba hanya. Ofis ya ba shi hanyoyin ƙauye, daga nan zuwa Unguwar Tudu har a ɓulle Masanawa, ya bi ya gano inda ruwa ya ci da inda kwalbati ta rufta, ya je ya faɗa wa akawu da baki. Da albashin nan ake ci a gidansa, don gonarsa ko akuya ba za ta ƙosar ba.

Da osteriti ta zo, wato zamanin tsuke bakin aljihun gwamnati, sabulu ya ɓace, fetur ya ɓace, ofis ya shiga sallamar mutane. Mai tari a sallame shi, mai ɗingishi a sallame shi. A shekarar ne Nata'ala ya sayi baƙin tabarau, ya kuma fara ɗora matarsa Sauda a kariyar keke.

Kullum da hantsi za su fita. Hanya fayau, ba mota ba babur, sai jaki da shanun kiwo. Ya kama hawa yana nishi, ita kuwa ba ta sauka. Ya kama gangara tsakanin duwatsu, ta damƙe shi hannu bibbiyu. Kwalta kam ba ya hawa, ya ce ba a ba shi ita ba. Damina dawa ta rufe su, rani a hango su tun daga nesa, yana ta kaɗa ƙararrawa ko babu kowa.

Gari ya sa masa suna mijin-ta-ce. Ni ma na faɗa, don na sha ganin tana mintsininsa a gaban mutane. Ga shi ba ya gaida kowa sai an fara gaishe shi. Muka ce girman kan ma'aikaci ne. An sallami sa'o'insa kaf, shi yana nan.

Haka har furfura, har aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Ana dab da ya yi ritaya, sai ofis ya kira tantancewa a Gwarzo: wanda bai kai kansa kafin azahar ba, an cire shi, babu aiki babu fansho.

A mararraba suka iske samari 'yan sa-kai da aka turo daga wajen Kabo, suna tsayar da duk namijin da ya ɗauko mace. Ba su san su ba. Shugabansu, wani dattijo Malam Hambali, yana zaune a inuwar ɗorawa.

Wani dogo a cikinsu ya riƙe kan keken. Bayan gaisuwa ya ce, “Baba, wace ce wannan?”

Nata'ala ya ce, “Iyalina ce.”

“Kowa haka yake cewa. Ta sauka ta zauna. Ka je ka gama uzurinka, ka zo da mai unguwarku ya shaida.”

“Ba na tafiya ba ita.”

“To, ku duka ku zauna.”

Suka zauna. Inuwa tana ta gajarta. Sauda ta dubi rana ta dubi hanya, ta ce, “Yaro, ka ƙyale mu. Uwarka ma ƙanwata ce a haihuwa.”

“Inna, ba a shaida da furfura.” Sai dabara ta faɗo wa dogon. Ya tsaya tsakaninsu ya kare ta. “Baba, in matarka ce, tare kuka fito. Wane launi ne mayafinta?”

Gumi ya keto wa Nata'ala ta ƙarƙashin hula. Can ya ce, “Ban sani ba.”

“Zanenta fa?”

“Shi ma ban sani ba.”

Dogon ya juya yana murmushi, ya ce, “Malam, ka ji ko?”

Malam Hambali ko kai bai ɗago ba. Ya ce, “Na ji. Mijinta ne. Da na waje ne, da har ɗan kunne zai lissafa maka. Sakar musu keke.”

Suka isa ana alwala. Nata'ala ya dangwala yatsa, Sauda na riƙe da hannun rigarsa, akawu yana ta ƙunshe dariya. Ya samu fanshonsa, ya ci har Allah ya karɓi abinsa.

Kakanku ne ya yi masa wanka. Ya dawo gida jiki a sanyaye, ya ce mini haƙarƙarin mutumin nan, dama da hagu, duk kanta ce baƙa ƙirin. Ni ba na ajiye magana. Na shiga wajen Sauda tana takaba, na ce, “Ke kuwa me bawan Allah nan ya yi miki, shekara da shekaru kina mintsininsa?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu. Ta ce, “Na dama, ya yi dama. Na hagu, ya yi hagu. Biyu tare, birki.”

Kun saki baki kuna kallona. Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta, ba zan maimaita ba: mai duba hanyar nan, tun shekarar osteriti makaho ne.