Ɗangana Ya Kewaye Duniya

Ɗangana ya ɗaure idanunsa da rawani kafin ya shiga kwale-kwale, don kada ya yi kuskuren waigawa.

Gardama kan gishirin miya ce ta kawo shi bakin tabkin Keita. Da safe ya rantse a gaban surukai cewa ya nufi yamma, ba zai juyo ba. Ko bayan gari bai kai ba ya fara kewar matarsa Aziza, da furarta. Karya rantsuwa kuwa sai azumin kaffara, shi kuma na Ramadana ma da ƙyar yake kai shi.

Ɗiyarsa Mardiya, mai zuwa lakwal, wato makarantar boko, ta same shi gindin gawo ya yi tagumi.

"Baba, mushe malaminmu ya hwaɗa muna labarin wani matuƙin jirgin ruwa na zamanin da. Ya miƙe yamma bai juya ba, shekara uku, sai ga jirgin ya komo gida. Duniya kamar albasa take."

Albasa kam Ɗangana ya san ta. Ya ari kwale-kwalen wani masunci, ya saita shi yamma, ya yi bismilla.

Tafiya ta yi daɗi. Ko ya ajiye gorar tuƙi jirgin tafiya yake, ya ce iskar teku ke nan. Ya wuce wata ƙasa da jakunanta ke kuka irin na ƙasarsu Adar. Ya wuce wata inda yara ke ta ƙyalƙyala dariya, ya tausaya musu, ba su taɓa ganin baƙo ba. Can ya ji nishi a gabansa, ya tuna kifayen da ke haɗiye mutum, ya karanto duk addu'ar da ya haddace. Yunwa ta ci shi har ya ji tausayin wancan matuƙin.

Da la'asar jirgin ya daki taɓo. Ya kwance rawani, ga masunci, ga takalmansa inda ya bar su.

Ya shiga gida yana taƙama. "Aziza! Na kewayo duniya, ban juya ba! Wancan mutum rago ne. Shekara uku ga tahiyar wuni guda!"

"Sannu da hanya, maigida," in ji ta, tana haki. "Mardiya, kawo ma babanki hura."

Ita Aziza ba za ta iya ɗaga ƙwaryar ba, don igiyar da ta wuni tana jan kwale-kwalen da ita a kewayen tabki ta saɓule mata tafin hannu.