Yatsan Keziah

Sau uku Keziah tana ɗora babban yatsanta a kan na'urar tantance yatsa, na'urar na ƙin karɓa.

Shagon sayar da layin waya ne a unguwar Bata, matsattse, fanka na juya iska mai zafi. Mahaifiyarta na zaune a gefe, riƙe da katin ɗan ƙasa guda biyu. Sun zo a dawo da layin Keziah, a kuma rufe na 'yar'uwarta Magret.

Tun haɗarin hanyar Zariya Keziah ba ta tuna komai. Ta farka a asibiti kanta a naɗe, zoben alkawari a hannunta, wata mata da aka ce mahaifiyarta ce tana kuka tana kiranta Keziah. Sai ta amsa. Aka ce mata da zoben aka gane ta, Magret kuwa ba ta yi rai ba, har an yi jana'iza. Ta nemi hawaye ta rasa.

A gidansu na Sabon Gari an sauke hotuna daga bango don kada a tayar mata da hankali. Aka nuna mata gadonta, aka ce tana son yaji. Ta riƙa ci, idanunta na ruwa. Innocent, wanda aka ce shi zai aure ta, yakan zo duk Lahadi bayan coci ya rera mata waƙar da ya ce tasu ce. Takan saurara kamar rediyon maƙwabta. An dai sa ranar biki, ita ma ba ta ce a'a ba.

"Haɗari kan ɓata zanen yatsa?" mahaifiyar ta tambayi ma'aikacin.

"Wani sa'in, Mama. Kawo katin in sake shigar da lambar."

Ta miƙa masa duka biyun. Ya dubi wannan hoton, ya dubi wancan, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki ɗaya ya buga lambar.

Keziah ta goge yatsan a zaninta ta ɗora. Na'urar ta yi ƙara, fitila ta koma kore.

"Yauwa, ya hau!" in ji shi. "Ashe tagwaye ne, shi ya sa kuka rikita katin. Sa hannu a nan, Malama Magret."